Gubar da Ba Ta da Wari a Ɗakunan Kwananmu

Daga Disamba zuwa Janairu, idan hunturu ya sauka a Kurugu da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo, sanyin asuba kan shiga har ƙashi, musamman a ƙauyukan da ke kusa da madatsar ruwan Challawa. Maganin da kowa ya sani shi ne kaskon wuta: a hura gawayi a tsakar gida, a jira hayaƙi ya lafa, a shigar wa tsoho ko mai jego, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa.

Jiran da ake yi wa hayaƙin shi ne yaudarar. Garwashin da ya yi jawur, ba ya turnuƙe ido, yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ke samuwa duk sanda gawayi, itace, kalanzir ko fetur suka ci wuta ba tare da wadatacciyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga huhu, jini kan kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Mai barci ba ya farkawa ya yi tari. Nauyin barcinsa ne kawai ke ƙaruwa.

Ɗakin ciyawa na kakanni yana shan iska ta ko'ina. Ɗakin yau na bulo da siminti, da silin da tagar gilas, ya fi kyau, ya kuma fi riƙe guba.

Sai janareto. Inda wutar lantarki ba ta zama, ƙaramin inji ne ke cajin waya da juya fanka, kuma tsoron ɓarayi kan sa a ja shi zaure ko soro da dare, wani ma har falo. A watan Mayun 2024 matasa bakwai sun mutu a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Yenagoa ta jihar Bayelsa, inda aka bar janareto a kunne cikin gini. Shawarar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ita ce a ajiye injin a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Gara a yi masa keji na ƙarfe da kwaɗo a fili.

Alamun farko sukan ruɗi mutane: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. A nan sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika yaro kemis. Wani lokaci a ce iska ce ta taɓa gidan. Abin lura shi ne mutanen ɗaki ɗaya su kamu a lokaci guda, kuma su ji sauƙi da sun fita waje.

Tunda hanci ba ya jin gubar, aka ƙera na'urar da ke jin ta. Ba ta wuce tafin hannu ba, da batir take aiki, don haka ɗaukewar wuta ba ta dame ta ba. Idan gubar ta taru, sai ta fasa ƙara mai tada mai barci. Ana maƙala ta a bango a ɗakin kwana ko bakin ƙofarsa, ba dab da murhu ba, a riƙa danna maɓallin gwaji duk wata. Takan yi shekara 5 zuwa 10 kafin ta mutu, kuma ranar na rubuce a bayanta. Mai saye ya tabbatar akwai haruffan CO a jikinta, domin na'urar hayaƙi daban take. A Ingila doka ta tilasta wa masu gidajen haya saka na'urar CO tun 2015 a ɗakin da ake ƙona itace ko gawayi. Na'urar ba ta maye gurbin buɗe taga, amma wanda ya iya sayen janareto ba shi da hujjar rasa ta.

Idan ta yi ƙara, a fitar da kowa, a buɗe ƙofofi, a kashe inji. Wanda ya suma ko ya rikice, kada a ɗura masa madara ko manja. A garzaya da shi Babban Asibitin Ƙaraye ko mafi kusa, a gaya wa likita da gawayi ko janareto ya kwana, domin iskar oksijin ce maganinsa.