Damina A Abijan: A Duba Gangare Kafin A Biya Kuɗin Ɗaki

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka a tashar Adjame ya san tsadar masauki a Abijan. Wannan ya sa baƙi da dama kan gangara maƙwabciyarta Attecoube, inda ɗaki da sito ke da sauƙin kuɗi. Sai dai gidaje masu yawa a can an kafa su ne a jikin tudu ko a gindinsa, kuma idan damina ta kankama daga Mayu zuwa Yuli, arahar kan zama tsada.

A watan Yunin 2022 ƙasa ta zaftare a unguwar Mossikro da ke Attecoube, mutum 6 suka rasu. Kafin nan, a Yunin 2020, irin haka ta hallaka aƙalla mutum 13 a Anyama, arewa da birnin. Da hujjar wannan haɗari ne hukumomi suka rushe unguwar Boribana a 2024.

Me ke sa tudu ya rufta? A tsaunukan Siwizalan da Faransa, inda dusar ƙanƙara kan zubo ta binne matafiya, masana sun gano cewa sabon lodi ne ke hawa kan shimfiɗa mai rauni, sai na saman ya sulɓe gaba ɗaya. Haka abin yake a Abijan. Ruwan kwana da kwanaki kan cika ƙasar sama, ta yi nauyi, ta daina riƙe ta ƙasa, musamman inda aka sare itatuwa ko aka yanki gindin tudu don ƙara ɗaki. A Turai, mafi yawan waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa. Laka kuwa ta fi ƙanƙara nauyi, ba ta barin wurin numfashi.

Saboda haka a riƙa lura. Tsagewar ƙasa a saman gangare, bango ko turken lantarki da ya karkata, ƙofar da ta daina rufuwa, ruwa mai laka da ke ɓulɓulowa daga gindin tudu, duk gargaɗi ne. Wanda ya ga haka ya fita da iyalinsa tun da rana, kada ya tsaya kwashe kaya, domin masu barci ba sa jin alama. Lambar 'yan kwana-kwana ita ce 180.

A Treichville kuwa, da yake shimfiɗaɗɗen wuri ne a bakin ruwa, ambaliya ce abin tsoro. A ɗora atamfa da buhuna kan katako, a kuma yashe magudanar ƙofar shago.

Kafin ka biya dillali, zagaya bayan gidan ka ɗaga kai. In tudu ne ke kallonka, nemi wani ɗakin. Jari in ya karye ana sake tara shi, rai kuwa ɗaya ne.