Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki a Gida: Abin da Kimiyya Ta Gano

A ƙasar Maska, da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, da wuya a rasa gidan da wani dattijo yake kwance, hannu da ƙafa na gefe guda sun daina motsi, baki ya karkace. Wasu sukan ce iska ce ta buge shi. Likitoci kuwa suna kiran wannan ciwo shanyewar ɓarin jiki, kuma asalinsa a ƙwaƙwalwa yake. Idan wata jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a can, sashen da take shayarwa yakan mutu cikin ɗan lokaci. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa gefen dama na jiki, kuma a nan cibiyar magana take ga mafi yawan mutane, sau da yawa wanda damansa ya shanye yakan rasa magana ma.

Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya fitar da sakamakonsa a 2018. An gano cewa kimanin kashi 68 cikin 100 na masu ciwon toshewar jijiya ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa, kuma hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen haddasa shi.

Asibiti yakan ceto rai a kwanakin farko, sa'an nan a sallami majiyyaci. Sauran aikin, wanda yakan ɗauki watanni, a ɗaki ake yin sa, a hannun mata da 'ya'ya da jikoki. Mafi yawan ƙarfin da zai dawo cikin watanni uku na farko yake dawowa, domin a lokacin ne sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira suka fi saurin karɓar aikin waɗanda suka mutu. Amma ba sa karɓa sai an yi ta maimaita motsin: zama, miƙewa, ɗaukar moɗa, taka ƙafa. Iyalin da suka hana majiyyaci ɗaga ko da cokali saboda tausayi, suna cinye masa waɗannan watanni ne ba su sani ba.

Abokin gaba na farko shi ne gyambon kwanciya. Mai lafiya yakan juya cikin barci ba tare da ya sani ba. Wanda ya shanye ba ya iyawa. Nauyin jikinsa sai ya matse ƙananan jijiyoyin jini a inda ƙashi ya kusanci fata, wato ƙugu da tsatso da diddige, jini ya daina zuwa, naman wurin ya soma mutuwa. Shi ya sa ma'aikatan jinya suke koyar da a juya shi kamar kowane awa biyu, dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a canza shimfiɗa da zarar ta jiƙe. A baƙar fata ba a cika ganin jan da littattafan Turai suke ambata ba. Sai dai a lura da wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi tauri, ko ya fi kewayensa zafi.

Na biyu shi ne shaƙewa. Ciwon yakan raunana maƙogwaro, ruwa ko kunu ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya jawo ciwon huhu mai kisa. Don haka ba a ba majiyyaci komai yana kwance. A zaunar da shi tsaye, a ba shi kaɗan-kaɗan, kuma koko mai kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya. Wannan ƙa'ida ta haɗa har da rubutu da jiƙon da dangi suke kawowa. Haka nan gashi da ruwan zafi, wanda kowa ya saba da shi, yana iya ƙone gaɓar da ba ta jin zafi, mai ita bai ce uffan ba. Kafaɗa ma tana da nata haɗarin: idan aka ɗaga mutum ta hanyar jan hannun da ya shanye, gaɓar tana iya gocewa, ta bar shi da ciwon da zai hana motsa jiki gaba ɗaya.

To, idan aka koya wa iyali waɗannan abubuwa, shi ke nan? An jarraba haka a Indiya. Binciken ATTEND, wanda ya ƙunshi majiyyata 1,250 a asibitoci 14, ya horar da dangi su riƙa yi wa majiyyaci aikin gashin ƙashi a gida. Da sakamako ya fito a 2017, bayan wata shida ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a horar da danginsu ba. A Ingila da ƙasashen arewacin Turai kuwa, inda ayarin ƙwararru, nas da mai gashin ƙashi da mai gyaran magana, suke bin majiyyaci har gida a kai a kai, an rage kwanakin asibiti, kuma an sami ƙarin masu komawa kula da kansu. Ke nan hannun iyali wajibi ne, amma yana buƙatar idon gwani da zai riƙa zuwa yana gyara, yana ƙara wahalar atisaye gwargwadon ƙarfin da ya dawo.

Shiga gida-gida da aikin lafiya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A shekarun 1970, lokacin da asibitin Malumfashi yake cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, masana daga Zariya da Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful sun bi ƙauyuka suna nazarin zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji. Manufar lafiya ta ƙasa ta 1988, zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ta kuma tanadi jami'an lafiya na al'umma waɗanda aka tsara su riƙa ciyar da babban kaso na lokacinsu a cikin gari. A aikace, ƙarancin ma'aikata yakan ɗaure su a ɗakin shan magani, su kuwa masu gashin ƙashi sun taru a manyan asibitoci irin na Shika da na ƙashi da ke Dala. Ga manomin Maska, zuwa can sau biyu a mako yana nufin kuɗin mota na mutum uku da asarar yinin noma, kuma idan ciwon ya faɗo da damina, lokacin noman masara da auduga, masu juya majiyyacin su ne masu riƙe da fartanya.

Abin da jami'in da ya shigo gida zai yi ba ya buƙatar manyan na'urori. Zai auna jini, ya duba fata, ya kalli yadda ake ciyarwa, ya tabbata ba a daina shan maganin hawan jini ba don an ga sauƙi, domin dainawar tana buɗe ƙofar bugu na biyu. Littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 kan horar da naƙasassu a cikin al'umma ya nuna yadda ake haɗa kayan atisaye da abin da ke kusa. Sanduna biyu na gora da aka kafa a tsakar gida, daidai tsayin ƙugu, sun isa mutum ya dafa ya soma koyon tafiya.