Hayar Jirgin Ruwa a Tsibiran Birjin: Na Birtaniya ko na Amurka?

Hayar jirgin hutu ita ce mutum ya ɗauki jirgin ruwa mai tafiya da iska, yawanci na mako guda, yana kwana a cikinsa. Wanda ya ƙware ya tuƙa da kansa, wanda bai iya ba ya biya matuƙi. A tekun Karibiyan, tsibiran Birjin na Birtaniya da na Amurka maƙwabta ne, duka dalar Amurka suke kashewa, kuma duka guguwar Irma ta yi musu ɓarna a 2017.

Ga sabon matuƙi, na Birtaniya sun fi. Daga tsibirin Tortola na ɓangaren Birtaniya ana hango tsibirin da za a nufa, kuma tsibiran sun tare manyan igiyoyin teku. Za a ce tsibirin St Thomas na ɓangaren Amurka ya fi sauƙin zuwa, tunda jiragen sama na tasowa kai tsaye daga Amurka. Gaskiya ne, amma wannan sauƙin Amurkawa yake amfana. Ɗan Najeriya sai da bizar Amurka. Ƙetarawa daga wannan ɓangare zuwa wancan ma sai an bi ta kwastan. Ko wane ɓangare aka zaɓa, lokacin guguwa yana farawa a Yuni, ya ƙare a Nuwamba.