Cikin Kwikwiyo Ba Cikin Kare Ba Ne

A cikin kwalin taliya aka kawo shi, ɗaure a bayan babur, tun daga wani ƙauye da ke bayan Bunkure har gidanmu a Kumbotso. Baƙi ne wuluk, sai ɗan fari a ƙirji kamar an ɗiga masa nono, shi ya sa yara suka raɗa masa Duna tun ba a sauke shi ba. Ƙanina ne ya roƙo shi a wurin wani mafarauci. Ƙanin nawa yana noman albasa da tumatir da rani a wajen Kura, kuma sau biyu ana kwance masa injin ban-ruwa cikin dare. Mafaraucin ya ce uwar ba zomon da ya taɓa tsere mata, ɗan kuwa ya yi wata guda da 'yan kwanaki, ya isa rabuwa da ita.

Daren farko bai runtsa ba, mu ma haka. Lokacin hunturu ne, yana ta makyarkyata, yana cusa hanci a kusurwar kwali yana neman nono. Tausayi ya kama uwargida, ta dama madarar gari ta zuba masa a murfin kwano, ya lashe tas. Da safe yara suka ƙara masa ɗumamen tuwo da miyar jiya. Kafin la'asar gudawa ta tsinke masa, ruwa-ruwa, rawaya. Washegari ya daina bin ƙafar yara, ya koma ƙarƙashin turmi ya kwanta, idanunsa sun faɗa.

"Ku bar shi, kare ne," in ji wani maƙwabcinmu. "Zai nemi ciyawa ya ci ya warke." Wani ya ce a ɓare masa kafso ja da yalo, wata tsohuwa ta ce kanwa. Duk da kyakkyawar niyya suka faɗa, kuma duk daga tushe ɗaya maganar ta fito: Bahaushe ya yarda cikin kare ba ya ƙin komai. Mun gan shi a juji yana cin mushe, yana tauna ƙashi, yana shan ruwan kwata, ya kuma tashi garau. Abin da ba mu lura da shi ba, wannan karen na juji shi ne wanda ya tsira. 'Yan'uwansa da suka mutu a wata na biyu ba wanda ya ƙirga su.

Karya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 63. 'Ya'yan suna faɗowa ido a rufe, kunne a toshe, sai bayan kwana goma zuwa sati biyu suke fara ganin duniya. Kariyar da suke da ita daga cuta kusan duka daga dakashin uwa take, nonon farko da suka sha a ranar haihuwa, kuma aro ce, tana raguwa a hankali tun daga wajen sati shida. Saboda haka likitocin dabbobi ke cewa kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas. Duna bai kai ba. Mun cire shi daga nono da ɗumin 'yan'uwa, mun girgiza shi a kan babur, sannan mun cika masa ciki da abin da hanjinsa bai sani ba. Madarar shanu ta fi nonon karya yawan wani nau'in sukari, wanda hanjin kwikwiyo bai narkar da shi duka, sai ragowar ta janyo ruwa cikin hanji ta fita da shi. Miyar kuma ga mai, ga barkono, ga albasa.

Maganar albasa ta fi damuna, domin a ƙasarta muke. Albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, in ta yi yawa ta bar shi ba jini. Manomin da ke shanya buhuna a bakin gona, ya juye wa karensa sauran miya kullum, bai san yana rage masa ƙarfi ba.

Ruwan da ya raya yankin ma yana da tasa illar. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kanal-kanal suka mai da Kura da Bunkure da Garun Malam kore shar ko a tsakiyar rani, shinkafa ta bi alkama, alkama ta bi tumatir. Ƙasar da ba ta bushewa kuwa ita ce gidan tsutsar ciki. Akwai mai ƙugiya, wadda ke maƙale wa hanji tana shan jini. Akwai doguwar nan mai kama da taliya, wadda ke shiga ɗan tun yana cikin uwarsa, har a haife shi da ita. In ka ga kwikwiyo da tumbi tirtsitsi, haƙarƙari a waje, gashi a hargitse, kada ka ce ƙoshi ne. Ƙwan wannan tsutsa yana zama a ƙasar da yara ke wasa, yana kuma iya shiga jikinsu, don haka kwashe kashin kare da wanke hannu da sabulu kariyar 'ya'yanmu ce. Ga kuma robobin maganin feshi da ake yarwa a bakin kanal, da maganin ɓera a ɗakin ajiyar shinkafa. An ce in ka ga kare yana sunsuna takalmi ɗauka zai yi. Kwikwiyo kam duk abin da ya sunsuna sai ya kai baki.

Da na ce zan kai shi asibiti, har dariya aka yi mini a majalisa. "A kan kare?" Na san inda tambayar ta fito. Kare a bakinmu zagi ne, kuma kukansa da dare wasu na ɗauka mugun abu ya hango. Amma addinin da muke kafa hujja da shi ya halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, rayayyen kare ba najasa ba ne a jikinsa. Mun karanta labarin samarin kogo da karensu kwance a bakin ƙofa. Mun ji hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Wanda ya ɗauko dabba daga uwarta don ta tsare masa dukiya, ya ɗauko amana.

Kano tana da asibitocin dabbobi na gwamnati, irin na Kundila da na Gwale, ban da masu zaman kansu. Likitan da ya duba Duna bai fara da allura ba. Ya kama fatar ƙeyarsa ya ɗaga ya saki, fatar ta tsaya cak kamar tanti kafin ta kwanta. Ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya gan shi fari-fari, a bushe. Sannan ya tambaye ni abu uku: akwai jini a kashin? Yana amai? Yana karɓar ruwa?

Abin da yake tsoro shi ne fabo, ƙwayar cutar da ta bayyana a karnuka a 1978, ta game duniya cikin ƙanƙanin lokaci. Tana cinye fatar cikin hanji, ta kawo amai da gudawar jini mai wani irin ɗoyi da ba a mantawa, ta kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki in ba a sa masa ruwa ba. Tana yin watanni a ƙasa da ranta, mutum ya kwaso ta a takalmi ya kai gida, kuma in ta shiga unguwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ta fi samun wanda kariyar uwa ta ƙare masa, rigakafi bai zo ba, tsutsa kuma ta riga ta raunana shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya taimaka, na Duna madara ce da tsutsa. Likita ya auna nauyinsa kafin ya ba shi maganin tsutsa, ya kuma ja mini kunne kan maganin mutane, musamman farasitamol, wanda kaɗan daga cikinsa ke iya lalata hantar ɗan ƙaramin kare. Ya ce ba gudawar ce ke kisa ba, ruwan da take kwashewa ne, kuma kwikwiyo ba a sa shi azumi kamar babban kare. Muka dawo gida da sirinji marar allura. Ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake ba yara, muka riƙa ɗiga masa ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, dare da rana. 'Yata ƙarama ce ta karɓi aikin dare, tana riƙe da shi cikin tsohon zani. Da ya fara ɗaga kai sai farar shinkafa dafaffiya luguf da ɗan naman kaza, ba mai, ba gishiri, cokali biyu sau huɗu a yini. Ran na huɗu ya fito daga ƙarƙashin turmi ya kama igiyar guga yana ja.

Bayan ya murmure aka fara masa allurar rigakafi, ana maimaitawa duk bayan sati uku zuwa huɗu har ya kai wata huɗu. Da ya cika wata uku aka yi masa ta haukan kare, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da aka kafa a 1924, ta daɗe tana haɗawa. Duk kuɗin bai kai na injin da aka sace ba. Ƙanina ya koma ƙauyen ya gaya wa mafaraucin, sai ya tarar cikin 'ya'ya shida na karyar, biyu kawai suka rage.

Yanzu Duna yana gona. Ya yi tsawo, ƙafafu sirara irin na uwarsa, kuma ƙanina na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, ko da yake har yau ƙadangare kawai ya kama. Na kwana a can ranar da ake ba albasa ruwa. Can tsakar dare, injin ya yi shiru, ba ka jin komai sai kwaɗi a kanal, na haska tocila na gan shi kwance ya ɗora haɓa a kan tiyo, kunne ɗaya a tsaye.