Ranar Da Dutse Da Inuwa Suka Ba Da Shaida

A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya fara yawo a wayoyin mutane, daga wannan shafin sada zumunta zuwa wancan. Wasu maza ne cikin kakin soja suka tisa ƙeyar mata biyu a kan wata turba mai ƙura. Ɗaya na goye da jariri, ɗayar na riƙe da hannun wata 'yar yarinya. Ana marinsu, ana ce musu 'yan Boko Haram. A gefen hanya aka rufe musu fuska, aka durƙusar da su, aka buɗe musu wuta. Harbi 22. Ko jaririn da ke goye bai tsira ba.

Bidiyon bai zo da sunan gari ba, bai zo da kwanan wata ba. Wasu suka ce Kamaru ce, wasu suka ce a'a, Mali ce. Ministan sadarwa na Kamaru a lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya fito ya ce labarin ƙarya ne. A cewarsa, kakin da ke jikin mutanen ba irin na sojojinsu da ke lardin Arewa Mai Nisa ba ne, bindigogin ma ba nasu ba ne. Ya san jama'a sun sha cin karo da hotunan bogi a intanet, kuma da wannan shakkun ya so ya rufe bakin kowa.

Sai dai akwai waɗanda suka ƙi haƙura: 'yan jaridar sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC Africa Eye, da masu bincike na Amnesty International da Bellingcat, da wasu 'yan sa-kai da ke warwatse a ƙasashe dabam-dabam. Yawancin aikin a gaban kwamfuta aka yi shi.

Da dutse suka fara. A daƙiƙa 40 na farkon bidiyon ana hango jerin duwatsu a bayan mutanen, masu wata siffa da ido ba zai ruɗe da ita ba. Suka zana layin ƙololuwarsu, suka shiga lalube a Google Earth, ba su dace ba, har wani ɗan Kamaru ya tsegunta musu su duba wajen Zelevet. Suna dubawa kuwa zanen ya hau daram. Ƙauye ne a duwatsun Mandara, dab da kan iyakar Najeriya. Turbar, gine-ginen, har bishiyoyin da ke cikin bidiyon, duk aka same su a hoton tauraron ɗan'adam. Maganar Mali ta mutu a nan.

Saura lokaci, kuma a wurina nan ne basirar aikin take. Akwai wani gini a bidiyon wanda hotunan sama suka nuna ya ɓace bayan Fabrairun 2016, ke nan kafin sannan aka yi kisan. Akwai kuma wata katanga da ba a gina ba a Nuwamban 2014, amma tana tsaye a Maris na 2015. Sannan ga wata 'yar siririyar hanyar ƙafa da ba ta fitowa sai da rani, tsakanin Janairu da Afrilu. Tazara ta yi ta tsukewa, amma ba ta rufe ba.

Inuwa ce ta rufe ta. Kamar yadda iyayenmu ke duba inuwa su san azahar ta yi ko la'asar ta gabato, haka masu binciken suka auna tsawon inuwar sojojin a kan turbar da inda ta karkata, suka lissafa inda rana take a sama a daidai wannan wuri. Lissafin ya faɗa tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. Wato sama da shekara uku wannan ta'asa na binne a wayar wani kafin duniya ta gani.

To su wane ne? Bindigar da ministan ya musanta, Zastava M21 ce, ƙirar Sabiya. Ba kasafai ake ganinta a wannan yanki na Afirka ba, amma wasu rukunonin sojan Kamaru na amfani da ita. Kakin kuwa, sojojin da kansu suka tona asirinsa, don sun saka hotunansu a Facebook suna sanye da irinsa a Zelevet. Aka kuma gano sansaninsu, bai kai kilomita ɗaya daga wurin kisan ba. Tashar Channel 4 ta Ingila ta taɓa ɗaukar rahoto a can a 2015. A cikin bidiyon ana jin ana kiran ɗaya daga cikinsu da laƙabin Tchotcho, kuma aka sami shafin Facebook mai ɗauke da laƙabin da fuskar da ta yi kama da tasa.

Tun kafin BBC ta fitar da sakamakonta a Satumban 2018, gwamnati ta riga ta sauya baki. A watan Agusta ta sanar da kama sojoji bakwai, kuma a cikin sunayen har da na waɗanda binciken ya riga ya nuna da yatsa.

Shari'ar a asirce aka yi ta, a kotun soja da ke Yaounde, abin da ban ga dalilinsa ba tunda kisan kowa ya gan shi. A Satumban 2020 aka yanke wa sojoji huɗu ɗaurin shekara goma-goma, aka sallami biyu. Wanda ya ɗauki bidiyon ya kuma yaɗa shi, shekara biyu aka ba shi. Shekara goma a kan ran mata biyu da yara biyu ta yi kaɗan ƙwarai.