Maganin Kumburin Ƙoda da Haihuwar da Ake Jira Bayan Shekara Ashirin

Yaro ya tashi da safe idanunsa a kumbure, zuwa la'asar kumburin ya sauko ƙafa har takalmi ya ƙi shiga, fitsarinsa na kumfa. A Garwa da Marwa da ƙauyukan bakin Binuwai, wasu iyayen sukan fara da jiƙe-jiƙe, sai ciki ya ɗauki ruwa ake garzayawa asibiti. Cutar dai ta ƙoda ce: matatarta ta saki, furotin na zurarewa cikin fitsari, ruwa kuma na taruwa a jiki.

Maganin farko shi ne firednisolon, kuma yara da yawa suna samun sauƙi da shi. Amma akwai waɗanda ciwon ke yi wa kome da zarar an rage ƙwaya, ga kumatu sun cika, tsayi ya tsaya saboda yawan shan maganin. A nan ne likita kan ɗauko saikulofosfamaid, maganin cutar kansa da aka haɗa a Jamus a ƙarshen shekarun 1950. Yana iya raba yaro da ciwon na shekaru, kuma ya fi irin su takrolimus da rituksimab araha nesa ba kusa ba. Uban da kuɗin auduga ne jarinsa ya san muhimmancin wannan.

Aikin maganin shi ne lalata ƙwayoyin halitta masu saurin rarrabuwa, kuma ba ya tantancewa. Ƙwayoyin da ke samar da maniyyi a maraina suna cikin waɗanda yake bugewa. Tun 1972 likitoci a Ostareliya suka ba da rahoton mazan da maniyyinsu ya rasa ƙwayar haihuwa bayan sun sha shi. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa abin dubawa shi ne jimillar abin da yaro ya sha tun daga ranar farko. Shi ya sa ƙa'idar masana ƙoda ta KDIGO ta 2012 ta kafa iyaka: miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, mako 8 zuwa 12, kada jimilla ta wuce miligiram 168 ga kilo, kuma kada a maimaita zagaye na biyu. Yaro mai kilo 20 ke nan zai sha miligiram 40 kullum, ya tsaya a kwana na 84. Cikin wannan iyaka haɗarin kaɗan ne, idan aka zarce yakan hau. 'Yan matan da ba su balaga ba sun fi maza tsira, ko da yake yawan maganin kan iya janyo ɗaukewar al'ada da wuri.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɓarnar ba ta da alama. Yaron zai balaga, murya ta buɗe, gemu ya fito, domin ƙwayoyin da ke samar da sinadarin mazakuta sun fi jure wa maganin. Zai yi aure lafiya lau. Shekara uku, shiru. Kowa ya san wanda dangi za su zuba wa ido. Matar ce za ta sha rubutu da sassaƙe, ita za a kai wajen likitan mata, wataƙila a yi mata kishiya, ita ma kishiyar ta zo ta tarar da shirun. Babu mai tuna ƙwayoyin da maigida ya sha yana ɗan shekara bakwai, alhali gwajin maniyyi kaɗai zai iya warware zancen. Wasu mazan ma ƙwayar haihuwar takan dawo musu bayan shekaru.

A ganina, yawon asibiti ya fi shi kansa maganin haɗari a yankinmu. A fara magani a Garwa, ciwo ya dawo a haura Yola, daga can a ce sai Kano ko Yawunde, kowane likita na farawa daga tushe saboda bai ga abin da na baya ya rubuta ba. Ga kuma ɗabi'ar komawa kantin magani da tsohon kwali a ce "a ba ni irin wannan." Haka zagaye ɗaya ke zama uku ba da sanin kowa ba.

Kada tsoro ya sa a hana yaro magani, domin ciwon ƙodar shi ma yana kisa. Iyaye su tambayi likita sunan ƙwayar da ranar dainawa, su roƙi a rubuta jimillar a karne, wato littafin asibiti. A adana karnen nan tare da takardar haihuwa, kuma idan yaron ya isa aure a miƙa masa abinsa.