GIDAN AMUMUNE: IDAN A-KORI-KURA TA SOMA KUKA DAGA BAYA

A ƙaramar hukumar Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, a-kori-kura ita ce jakin zamani. Ita ke kwasar gero da wake da awaki zuwa kasuwannin Mayahi da Tasawa, ita kuma ake tadawa da tsakar dare idan naƙuda ta yi wa mace gardama. Saboda haka ranar da ta kwanta cikin rairayi, ba mai ita kaɗai ke asara ba.

Da can "bashe" ce ke riƙe da waɗannan hanyoyi, wato Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da ya soma aiki a 1975. Daga baya Toyota Hilux da Land Cruiser suka karɓe su. Amma ko wace iri ce, ciwon da ya fi kwantar da ita ɗaya ne, kuma yana cikin wannan ƙullutun ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke kira "pon".

Aikin pon iri biyu ne. Yana karɓar juyin da kardan ya kawo daga akwatin giya ya raba wa tayoyi, ta hanyar wani ɗan ƙarfe mai haƙora, "pinyo", da ke juya babban faifai, "kuron". Sa'an nan wasu ƙananan haƙora huɗu ko shida a tsakiya suna barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Dukansu cikin mai suke wanka, lita biyu zuwa uku kacal.

Kunne kafin ƙarfe

Pon ba ya mutuwar farat ɗaya. Yakan yi makonni yana kuka, kuma kowane kuka da ma'anarsa. Shi ya sa gwanin makaniki ba ya ɗaukar kayan aiki sai ya shiga bayan mota, an zagaya da shi a kan ƙasa mai tauri.

Idan gunji yana tashi sa'ad da direba ya taka totur, ya lafa da ya ɗaga ƙafa, to haƙoran kuron da pinyo ne suka cinye, ko kuwa zamansu ya goce. Idan kuwa sai an saki totur ake jin sa, mafi yawa rulman pinyo ne ya yi sako-sako. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana sauya murya in an karkata hagu ko dama, na rulman taya ne, pon ba shi da laifi. Ƙaras-ƙaras a kwana kaɗai, ƙananan haƙoran tsakiya ne. Bugu guda wajen tashi, sau da yawa daga gaɓar kardan yake. Bugun da ke maimaituwa daidai da juyin taya kuwa, haƙori ne ya karye, kuma mai hankali nan take yake tsayawa.

Bayan kunne sai ido. A kwance murfin da ke ƙasa a tsiyaye man. Baƙin gari mai laushi a jikin murfin ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli shaidar ɓarna ce. Man da ya yi fari kamar kindirmo kuwa ruwa ya sha.

Laifin hanya da na mutum

Hanyoyin wannan yanki na Gulbin Kaba rairayi ne da rani, ruwa kwance da damina. Idan mota ta kafe, taya ɗaya na wulwulawa ɗaya na tsaye, direban da ya nace da totur yana ƙona haƙoran tsakiya ne. Akwai kuma ɗan hancin da pon ke shaƙar iska da shi: ƙura ta toshe shi, zafi ya tunkuɗo mai ta bakin roba, pon ya bushe ba a sani ba. Sai uwa uba lodi. Motar da aka ƙera don kimanin tan guda, buhu goma ke nan mai kilo 100, ranar kasuwa sai a ninka mata, mutane kuma su hau bisa. Tayoyin baya da ba girmansu ɗaya ba su ma suna sa haƙoran tsakiya aiki ba hutu.

Gyara na gaskiya

Kuron da pinyo tare aka wasa su a masana'anta, don haka tare ake sauya su. A ƙirga haƙora: 41 da 10, misali, ba su zama a madadin 41 da 9, musamman a mota mai jan ƙafa huɗu, inda tilas pon na gaba da na baya su yi daidai. Tazarar da ake bari tsakanin haƙoran ba ta kai rabin rabin milimita ba. Makaniki kan shafa fenti a haƙoran kuron ya juya da hannu: in tabon ya fito a tsakiyar haƙori, zama ya yi, in ya fito a baki ko a gindi, sai a sake saiti. Daga nan a zuba man giya mai lamba 80W-90 ko 85W-140 na ajin GL-5, har ya taɓo bakin ramin zubawa.

Tun karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, lokacin da tsadar kayan mota ta hau, masu motoci suka ƙara karkata ga tsofaffin kayan da ake samowa a Maraɗi, Katsina da Kano. Wasu har tsohon baƙin man inji suke ɗurawa pon, alhali ba zai iya jure matsin haƙoran ba. Araha ba ta ado: rulman da aka ƙi sauyawa yau shi ke cinye kuron gobe, kuɗin gyara kuma ya ninka sau da yawa.

Duba man pon ba ya ɗaukar minti goma: a kwance murfi, a sa yatsa. Direban da ya saba da haka kowace jajibirin kasuwa, ya kuma rage rediyo ya saurari bayan motarsa, shi ne wanda mutanen gari za su ƙwanƙwasa wa ƙofa da dare da kwanciyar hankali.